Ƙwallon gashi ko ta roba: wacce ta dace da mai buga badminton don nishaɗi?

Matashin da ya tara kuɗi ya sayi raket, washegari zai gane cewa kashe kuɗin bai ƙare ba. Raket sau ɗaya ake saye a daɗe ana mora, ƙwallon kuwa cinyewa take kamar data. A kasuwa iri biyu zai tarar: ta gashin tsuntsu da ta roba. A ido kamanninsu ɗaya, amma a iska kowacce da halinta, haka ma a aljihu.

Yadda ake ƙera su

Dokar Hukumar Badminton ta Duniya, BWF, ta ce ƙwallon gashi za ta ƙunshi gashi 16 cif, tsawon kowanne milimita 62 zuwa 70, a soke su a gindi mai faɗin milimita 25 zuwa 28. Nauyinta duka giram 4.74 zuwa 5.50 ne. Ana amfani da gashin dinya ko na agwagwa, na dinya ya fi ƙarko kuma ya fi tsada. Ba a gauraya gashin fiffiken dama da na hagu a ƙwallo ɗaya, domin lanƙwasarsu ta saɓa, kuma wannan lanƙwasa ce ke sa ƙwallon juyawa a kanta ta tafi daidai.

Ta roba kuwa inji ne ke zubo ta da nailan, jikinta ɗaya mai huji-huji kamar raga. Shi ya sa dubu za su fito kusan iri ɗaya, ba sai an zauna tantance gashi ba.

Bambancinsu a iska

A watan Afrilun 2023, ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy ya buga ƙwallon da ta bar raket da gudun kilomita 565 a awa, a wani gwaji da aka yi a masana'antar Yonex a Japan. Filin badminton kuwa tsawonsa mita 13.4 ne kacal. Abin da ya sa wasa ke yiwuwa a ɗan wannan fili shi ne birkin da iska ke yi wa ƙwallon.

Ta gashi tana riƙe siffarta, don haka takan fita da ƙarfi, ta rage gudu nan take, sannan ta faɗo kusan a miƙe. Wannan ne ke ba ɗan wasa damar ajiye ta dab da raga ko a kan layin baya. Ta roba idan ta sha bugu mai ƙarfi sai jikinta ya matse, turjiyar iska ta ragu, ta ci gaba da gudu ta sauka a kaikaice. Duk wanda ke son gani da idonsa, ya ajiye wayarsa a gefen fili, ya kunna ɗaukar bidiyo mai rage gudu, ya buga su biyun da ƙarfi ɗaya. Layin da kowacce ta bi zai fito ƙarara.

Maganar aljihu

Ƙwallon gashi takan zo 12 a gwangwani, ta roba irin Yonex Mavis kuma shida. Sai dai adadi ba shi ne lissafin ba. Ɗan koyo yakan daki gashin maimakon gindin, kuma da gashi ɗaya ya karye ƙwallon ta fara layi a iska. Ta roba guda ɗaya takan yi kwanaki ana bugu.

Ga kuma tsada. Mafi yawan gashin daga China yake fitowa, inda ake kiwon tsuntsayen don nama. Da naman alade ya yi araha a can, kiwon agwagwa da dinya ya ja baya, gashi ya yi ƙaranci, manyan kamfanoni suka yi ta ƙara farashi a 2024 da 2025. Mai saye da naira yana ɗaukar wannan ƙarin ga kuma na canjin dala.

Launin zobe da zafin gari

Mutane da yawa kan ɗauka zoben da ke gindin Mavis ado ne. Alamar gudu ce. Kore na mai jinkiri ne, an yi ta don zafin digiri 22 zuwa 33. Shuɗi matsakaiciya ce, ja kuma mai sauri ce ta ƙasashen sanyi. Iska mai zafi ba ta da kauri, ƙwallo ta fi nisa a cikinta, don haka mai wasa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kore ya kamata ya nema. Haka ma a Jos, duk da sanyinta, tudu na sa iska ta yi sauƙi. Ta gashi kuma da lamba ake gane ta, daga 75 mai jinkiri zuwa 79 mai sauri.

Akwai gwaji mai sauƙi a dokar wasan: a tsaya a layin baya a buga ƙwallon daga ƙasa da cikakken ƙarfi. Mai daidai za ta sauka tsakanin santimita 53 da 99 kafin layin baya na ɗaya ɓangaren.

Hunturu ma abokin gabar gashi ne. Bushewar iska na sa shi ƙandarewa ya riƙa karyewa, shi ya sa 'yan wasa ke turara gwangwanin da tururin ruwan zafi na ɗan lokaci, su rufe shi ya kwana kafin wasa.

Sababbin fasahohi

BWF ta amince a fara amfani da gashin da aka ƙera a masana'anta a gasanninta daga 2021, bayan gwaji da Yonex, inda ta ce hakan na iya rage yawan ƙwallon da ake cinyewa da kusan kashi 25 cikin 100. A 2019 kuma ta ƙaddamar da AirBadminton, wasan fili da ke da tasa ƙwallon mai suna AirShuttle, wadda aka tsara ta jure iska mai gudun kilomita 12 a awa. Wannan ta fi dacewa da masu ɗaura raga a tsakar gida ko filin makaranta.

To wacce za a saya?

Ɗan koyo, da mai wasa a waje, da wanda ke lissafin kuɗinsa, ta roba mai gindin ɓawon itace da koren zobe za ta ishe shi, kuma kada ya ɗaure zaren raket ɗinsa tamau, domin roba ta fi dukan hannu. Mai burin shiga gasa, irin hanyar da Anuoluwapo Opeyori ya bi har ya wakilci Najeriya a Olamfik na Tokyo da na Faris, dole ya saba da ta gashi, tun da ita zai tarar a fili. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce abokai su haɗa kuɗi: roba don atisayen yau da kullum, gwangwanin gashi ɗaya a ajiye don wasan ƙarshen mako a cikin ɗakin wasa.