Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Darasin Jega Da Satiru

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san Jega mararraba ce. Hanyar da ta taso daga Sakkwato takan ratsa Aliero kafin ta iso, wadda ta nufi Yawuri da Kwantagora takan bi ta Maiyama, ta uku kuma ta miƙe zuwa Birnin Kabi. Inda hanyoyi suka haɗu nan kasuwa ke ci, inda kasuwa ke ci kuma nan labari ke sauka tun kafin ya isa fada ko bariki. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa mai mulkin da ya toshe kunnensa daga kasuwa yakan wayi gari da abin da bai zata ba.

Jega kanta 'yar juyin juya hali ce. Harin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, a ƙarshen 1803, yana cikin dalilan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Buhari, ɗan Abdussalami, shi ya kafa Jega bayan rasuwar mahaifinsa a 1818. Da Kabawa suka yi bore a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, sai ƙasar ta zama bakin daga. Gwandu ta dogara da ribaɗi, wato garuruwan tsaro irin su Ambursa, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu suna noma suna gadi. Kowane ɓangare na son sanin yawan dawakin ɗaya da ranar da zai fita, kuma fatake ne ke ɗauke da amsar.

Turawa sun fahimci haka da wuri. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta watan Yunin 1898 ta shata iyaka da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, alhali babu sojan Ingila ko ɗaya a cikin birnin. Kafin a ci ƙasar da aka riga aka raba a takarda, dole a san ta. Gwamna Lugga ya gaji 'yan leƙen asirin Kamfanin Neja, mafi shahara a cikinsu Adamu Jakada, wanda ke shiga birane da rigar fatauci yana kawo rahoton ganuwa da bindigogi da ra'ayin sarakuna. A 1902 aka girke sojoji a Argungu da yardar Sarkin Kabi Sama, wanda tsohuwar gabarsa da Sakkwato da Gwandu ta mai da shi abokin baƙi. Da aka zo Giginya ranar 15 ga Maris 1903, Turawa sun riga sun san abin da za su tarar.

Amma irin wannan leƙen asiri iyakarsa abin da ido ke gani. Yana ƙirga doki da mashi, ba ya ƙirga ɓacin ran talaka. Satiru ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, ba ganuwar kirki, ba rundunar da za a ƙidaya, sai malamai da manoma da bayin da suka gudu. Tun 1904 aka kama shugabansu Malam Maikaho bisa da'awar Mahadiyya, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makafo, ya tsallako daga ƙasar Dosso bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda. Iyakar da Turawa biyu suka shata ba ta tare shi ba, kuma labarinsa ya daɗe yana yawo a bakin jama'a kafin ya isa teburin Razdan.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan Hillary ya nufi Satiru da sojojin doki, yana zaton kamun mai laifi zai yi. Mutane masu fartanya da gatari da kibau suka afka musu. Aka kashe Hillary da Scott da Laftanar Blackwood da sojoji fiye da 20, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Martanin ranar 10 ga Maris ya kasance kisan kiyashi: an hallaka kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Wutar ta taɓa wannan yanki namu, domin an tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin jingina da 'yan Satiru, aka naɗa Haliru Abdu. Kasawar masu leƙen asiri, talakawa ne suka biya ta da rayukansu.

Ba a kwatanta mutanen Satiru, waɗanda suka tashi gaban mamaya, da masu kashe bayin Allah a yau. Abin da bai sauya ba shi ne kurmancin hukuma. Lakurawa sun shafe shekaru suna kai-komo a Tangaza da Gudu, suna karɓar dabbobi da sunan zakka, mutanen ƙauye kuwa sun san su sarai. Sai a watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta fito ta ambaci sunansu, a watan da suka kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Iyakar dai wadda Turawa suka shata ce, mai tsallake ta kuma ba ya neman izini.

Mutanen Jega da Aliero da Maiyama kada su ce abin na arewacin jiha ne, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Shanun sata kasuwa suke nema. Man fetur da buhunan abinci da baburan da ake kai wa daji a gari ake sayen su. Dillalin kara, direban da ke lodin albasar Aliero, mai sayar da mai a bakin titi, mai unguwar da aka kawo wa baƙo, su ne ke fara gani. Abin da ke kulle bakinsu tsoro ne: mutum ya kai rahoto da safe, sunansa ya isa daji kafin magariba, ko kuma a mai da shi wanda ake tuhuma.

Saboda haka gyaran ba ya tsayawa ga sayen jirage marasa matuƙa. Hukumomin tsaro su kare sirrin mai kawo labari, su hukunta jami'in da ya fallasa shi. A ba dagatai da masu unguwanni hanyar isar da magana kai tsaye, a kuma riƙa amsa ta cikin sa'o'i, ba makonni ba. A farfaɗo da musayar bayanai da Jamhuriyar Nijar, ko da siyasa ta yi tsami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna wurin ba sai ya tabbata ba kansa za a rushe ɗakin ba.