Daga ƙofar sarki zuwa kotun ƙoli: tafiyar ƙarar gona a ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun ƙarar gona a Filinge da ƙasar Kurfai, daga sulhu har zuwa ɗaukaka ƙara. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ƙara tana farawa da Hausa ko Zabarmanci, amma tana ƙarewa da Faransanci.

2. Sulhu

Dokar karkara (Code rural) ta 2 ga Maris 1993 ta wajabta a fara kai rikicin gona gaban sarakunan gargajiya. Mai gari ke fara saurare, sannan sarkin kanto. Doka ta ba su ikon sulhu, ba ta ba su ikon hukunci ba. In an shirya, a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba, a rubuta takardar rashin sulhu, wadda ke buɗe ƙofar kotu.

3. Hukunci

Dokar 16 ga Maris 1962 ta tanadi cewa a sha'anin aure, saki, gado da gonakin da ba su da rajista, al'adar masu ƙara ake bi. Dokokin 2004 da 2018 sun riƙe wannan ƙa'ida. Tun da al'ada ba rubutacciya ba ce, alƙali yana zama da mataimaka biyu masana al'ada (assesseurs). Shawara suke bayarwa, hukunci na alƙali ne. Hujjoji kuwa su ne shaidun maƙwabta, iyakoki, wani lokaci da rantsuwa da Alƙur'ani.

A nan kalmomi suke da nauyi. Manomi yana rarrabe gado, saye, kyauta, aro da jingina. Aro ba ya fitar da gona daga hannun mai ita. Jingina tana komawa da zarar an biya bashi. Kyauta ba ta komawa. Sai dai aron da ya kai shekaru arba'in, jikoki sukan ɗauke shi gado. Jawabin Seyni Kunce na Disamba 1974, da ya bar gona ga mai nomanta, ya ƙara wa wannan gardama ƙarfi. Shi ya sa alƙali yakan tambaya ko ana kai wa mai gona damen hatsi bayan girbi: damen nan shaida ce ta aro.

4. Ɗaukaka ƙara

A tsarin 2004, hukuncin al'ada na ƙaramar kotu irin ta Filinge ana ɗaukaka shi zuwa babbar kotun Tillaberi, wadda ke sake duba maganar daga tushe. Mataki na ƙarshe yana Yamai. Kotun can (Cour suprême, daga baya Cour de cassation, sannan Cour d'État tun 2023) ba ta kiran shaidu. Tana duba ko an bi doka: an zauna da mataimaka? An bayyana al'adar da aka yi aiki da ita? In da kuskure, ta soke hukunci, ta mai da ƙara a sake shari'a.

Mu lura: gwargwadon hawan ƙara, gwargwadon nisanta daga bakin manomi. Alƙalin Yamai takarda yake karantawa. In tafinta ya fassara "ya ba ni gona" da donner, alhali a Hausa "ba" yana ɗaukar aro da kyauta duka, to aro ya zama kyauta a rubuce, iyali kuma sun rasa gonarsu.

5. Kammalawa

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci kuma harshen aiki. Muna ganin aiki biyu na jiran masana harshe: tsara ƙamus na kalmomin gona a Kurfayanci da Zabarmanci, da ba da shawara a riƙa rubuta ainihin kalmar shaida kusa da fassararta a takardun kotu.