Ko Kun Sani? Samanja Sojan Gaske Ne

Samanja Mazan Fama, wanda ya sa mutanen Arewa dariya har hawaye, sojan gaske ne, kuma Banufe. Sunansa Usman Baba Pategi. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, jihar Kwara ta yau, ya zo Kaduna yana matashi, ya shiga aikin soja a shekarun 1960, bai ajiye kaki ba sai a 1985.

Wasan kwaikwayonsa na Samanja ya fara ne a rediyo kafin gidan talabijin na Kaduna ya ɗauke shi a shekarun 1970. A nan ne jama'a suka ga mutumin da suka daɗe suna jin tsawarsa: ga gashin baki murɗaɗɗe, ga ido a zare, kuratan soja na karkarwa a gabansa. Kalmar "samanja" kuwa muƙamin sajan-manjo ne da harshen Bahaushe ya lanƙwasa.

Abin da ya sa wasan ya karɓu har a wajen waɗanda ba sa jin Hausa sosai shi ne yaren bariki. Yakan fara magana da Hausa, ya ƙarasa ta da Turancin buroka, kamar yadda sojoji daga kowace ƙabila suke hira a tsakaninsu. Wannan bakin, ai a bariki ya same shi. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.