Ƙura da Zafi: Yadda Ake Kare Ƙaramin Injin Lantarki

Duk wanda ya taɓa saya wa ɗansa motar wasa mai rimot a Karaye ko Rogo cikin hunturu ya san inda labarin yake ƙarewa. 'Yan makonni tana gudu a tsakar gida, sai ta fara gurnani, daga nan ta tsaya cik. Wani uban, da ya gane aikin ƙura ne, sai ya sayi sabon inji ya naɗe shi da leda. To, wannan karon ko mako guda motar ba ta kaiwa, domin ya raba ta da ƙura ya miƙa ta ga zafi.

Bari mu leƙa cikin injin. Akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, da maganaɗisu, da wasu 'yan gawayi biyu masu gogar sandar da ke juyawa don su ba ta wuta. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso hazo tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya haɗu da ƙurar hanyoyinmu mai yashi. Idan wannan ta shiga inji sai ta cakuɗe da mai, ta riƙa cin gawayin da mazaunin sandar kamar dutsen wasa wuƙa. Shi kuma maganaɗisu yana janyo duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke cikinta ya riƙe.

Amma fa ramukan da ƙurar ke bi ba don ado aka huda su ba. Wuta ba ta ratsa waya sai ta haifar da zafi, kuma ta nan iska ke fitar da shi. Wayar tana da wani siririn shafi mai hana zarenta haɗuwa da juna. Injiniyoyi sun daɗe da ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin Salshiyos yana rage rabin kwanan wannan shafi. Maganaɗisun zamani na gama-gari kuwa yakan fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Dabarar ita ce a tare ƙura, a bar iska. Ana yanka siririn soso mai manyan ƙofofi a ɗaura a bakin ramukan, a kuma riƙa wanke shi, domin soson da ya toshe da leda duk ɗaya ne. Wanda ya fi wannan, a ganina, shi ne a maƙala wa jikin injin ƙarfen alminiyom mai haƙarƙari, zafi ya bi ta jikinsa ya fita. Mai kuma ɗigo ɗaya ya isa. Yawansa gayyatar ƙura ne. Bayan gudu sai a taɓa injin: in yatsa ya kasa jurewa na 'yan daƙiƙu, a bar shi ya huce.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen wasan yara ne kawai. Madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, ta ba manoman yankin ruwan noman rani, kuma injin ban ruwa dukiya ce babba a hannunsu. Dubi injin famfo na lantarki: cikinsa a rufe yake ruf, bayansa duk haƙarƙari, da fanka a gindi tana hura su. A allon jikinsa za a ga alama kamar IP55. Lambar farko ita ke nuna kariya daga ƙura: 5 na nufin 'yar wadda ke shiga ba ta isa yin lahani ba, 6 kuwa ba ta shiga sam. Manomin da ya lulluɓe irin wannan inji da buhu yana aiki ya maimaita kuskuren mai leda. Rumfar kara mai buɗaɗɗen gefe yake bukata, da tsintsiyar da za ta share tsakanin haƙarƙarin kowace safiya.