Cibiyar Lekki: Tarihin Koyar da Yara Kiyaye Muhalli

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan wannan hikima ce aka gina cibiyoyin ilimin muhalli, wato wuraren da ake kai 'yan makaranta su ga tsirrai da dabbobi a mazauninsu na asali, ba a shafin littafi kaɗai ba.

Tunanin ya samu gindin zama ne a shekarar 1977, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya taro a birnin Tbilisi na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda ƙasashe suka amince a shigar da ilimin muhalli cikin kowane mataki na karatu. A nan Nijeriya kuwa, a 1980 ne Cif S. L. Edu da wasu masu kishi suka kafa Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF. Sai kuma abin takaicin da ya faru a 1988, sa'ad da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko. Wannan al'amari ya farkar da gwamnati da jama'a baki ɗaya.

A 1990 gidauniyar ta kafa Cibiyar Lekki a Legas, bisa tallafin kamfanin mai na Chevron. Faɗinta hekta 78 ne, kurmi da fadama da fili. An shimfiɗa gadar katako a bisa ruwa domin yara su ratsa kurmin ba tare da sun tattake tsirrai ba, su ga birai da kadoji da tsuntsaye iri-iri. Daga baya aka ƙara wata gada ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. A yau gine-gine sun kewaye wurin, har ya zama shaida ga yaro kan yadda yankin yake kafin birni ya cinye shi.

Aikin gidauniyar bai tsaya a Kudu ba. Tun 1987 ta shiga shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su yi hunturu. A can darasin ya fi tsanani, domin madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, manoma da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu.

To, ina abin koyi ga Sakkwato? Mu ma muna da fadamar Rima, wadda madatsun Bakolori da Goronyo suka sauya tafiyar ruwanta, ga tafkin Kware kusa da gari. Malami ba ya bukatar jiran gini. Ya isa ya fita da ɗalibansa bayan damina da kuma tsakiyar rani, su ƙirga tsuntsaye, su auna inda ruwa ya tsaya, su tambayi dattawa itatuwan da suka ɓace, su rubuta. Idan aka adana wannan littafi shekara goma, ya zama hujjar kimiyya.

Yaron da ya san sunan gawo da amfaninsa ga gona, da wuya ya ɗaga masa gatari idan ya girma. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.