Shanyewar Ɓarin Jiki da Darajar Sa'o'in Farko

A ƙasar Daura, daga Baure har Mai'aduwa, idan bakin dattijo ya karkace farat ɗaya, hannunsa ya saki, harshensa ya sarƙe, akan ce iska ce ta buge shi, a duƙufa neman hayaƙi da shafe-shafe, alhali kuwa galibi sababin abin gudan jini ne da ya toshe jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa, wadda, muddin babbar jijiya ce ta toshe, takan yi hasarar ƙwayoyinta kusan miliyan 2 a kowane minti.

Likitoci suna da hanya biyu ta buɗe wannan jijiya. Ta farko allura ce mai narkar da gudan jini, ana kiranta alteplase, wadda Amurka ta halatta a shekarar 1996, sharaɗinta kuwa shi ne a yi ta kafin sa'a huɗu da rabi su shige daga fara alamar. Sai dai idan gudan ya yi girma, allurar takan gaza, kuma a nan ne hikima ta biyu ta bayyana, wato a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu, a bi da shi sannu a hankali har cikin kai, a kamo gudan a fitar da shi. Wani bincike na ƙasar Holan ya tabbatar da fa'idar wannan aiki a 2015, a 2018 kuma aka gano cewa wasu majinyata, waɗanda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna da sauran rai a ɓangaren da ya taɓu, sukan amfana har zuwa sa'a 24. Aiki ne na ƙwararru a manyan asibitoci, ga kuma tsada.

Amma dukkan wannan ba ya yiwuwa sai an ɗauki hoton kai na siti-sikan, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce, wadda allurar za ta ƙara mata ta'adi. Saboda haka ko asfirin bai kamata a ba majinyacin a gida ba.

Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa ya fi haka nisa, kuma hanyar kaɗai za ta ci rabonta daga sa'o'in nan. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Don haka, jama'a, ku lura da lokacin da alamar ta fara, ku hana majinyacin ci da sha kada ya ƙware, ku garzaya da shi asibiti nan take, addu'ar kuwa a yi ta cikin mota.