Bindiga a cikin kwali: Ƙa'idoji da tsadar aika ƙaramar bindiga a Amurka

 

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Amurka da bindiga, abin da yake faɗo mana a rai shi ne ƙasar da ake sayar da makami kamar yadda ake sayar da gyaɗa a tasha. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, domin tun 1791 kundin tsarin mulkin ƙasar ya amince wa jama'a su mallaki makami. To amma akwai wata gaɓa da dokarsu take ɗaure fuska a kanta, wato lokacin da mutum ya sayar wa wani ƙaramar bindiga, irin wadda ake kira fistol ko libarba, sannan yake son ya aika masa da ita wani gari. Ciniki yakan faɗa cikin minti biyar a waya, amma kai kayan hannun mai shi yakan ci kwanaki da kuɗi da takardu. Wannan hanya da dalilanta za mu bibiya a yau, domin akwai 'ya'yanmu da suke karatu a can, akwai kuma magidantan da suke zaune a can da iyalansu.

Inda dokar ta samo asali

Tun a 1927 majalisar dokokin Amurka ta hana talaka aika ƙaramar bindiga ta gidan waya, saboda makami ne da ake iya ɓoyewa a aljihu. Sai dai dokar ta tsaya ne a kan gidan waya na gwamnati, ba ta shafi kamfanonin jigilar kaya masu zaman kansu ba. Wannan kafa ta ci gaba da zama a buɗe shekara da shekaru.

A farkon 1963 wani mutum mai suna Lee Harvey Oswald ya yi odar makamai biyu ta wasiƙa, da sunan ƙarya. Doguwar bindiga ta zo masa daga wani shago a Shikago, libarba kuma daga wani kamfani a Los Angeles, a kan dala 29.95, ta hannun kamfanin jigilar kaya. Babu wanda ya ga fuskarsa, babu wanda ya tambaye shi shaidar ko shi wane ne. Ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara aka harbe Shugaba John Kennedy a birnin Dallas, kuma binciken hukuma ya tabbatar da doguwar bindigar aka yi aikin. Ba a yi awa ɗaya ba, da libarbar nan aka kashe wani ɗan sanda mai suna J. D. Tippit a kan titi.

Duk da haka majalisa ba ta motsa ba sai a 1968, bayan an kashe Martin Luther King a watan Afrilu, aka kuma kashe Sanata Robert Kennedy a watan Yuni. A watan Oktoba Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar taƙaita cinikin bindiga, wadda har yau ita ce ginshiƙi. Manufarta a fili take: kada makami ya ƙetara iyakar jiha ya faɗa hannun mutumin da ba a gani ido da ido ba.

Yadda ake aikawa

Mu ƙaddara Malam Wane yana zaune a jihar Teksas, ya sayar wa wani mazaunin jihar Ohayo fistol ɗinsa. Doka ba ta yarda ya naɗe ta ya aika gidan mai saye ba. Ba ta kuma yarda mai sayen ya tuƙo mota ya zo Teksas ya karɓa hannu da hannu ya koma da ita ba. Dole ne bindigar ta sauka a shagon dillalin da yake da lasisin gwamnatin tarayya, a jihar da mai saye yake zaune.

Mataki na farko, mai saye zai nemi dillali a kusa da shi wanda ya yarda ya karɓi kayan, a aiko wa ɓangaren mai sayarwa da kwafin lasisinsa domin a tabbatar yana aiki. Mataki na biyu shi ne jigilar kanta, kuma a nan mutane da yawa suke cin karo da bango. A dokar tarayya, wanda ba dillali ba yana iya aika bindiga zuwa ga dillali ta kamfanin jigila. Amma manyan kamfanonin nan biyu, UPS da FedEx, sun sauya tsarinsu a 'yan shekarun nan, ba sa karɓar bindiga sai daga masu lasisi da suka ƙulla yarjejeniya da su. Gidan waya kuwa dokar 1927 ta rufe wa talaka ƙofa, ta bar wa dillalai damar aika wa junansu bayan sun cike fom na musamman. Ƙungiyoyin masu rajin haƙƙin bindiga suna ja da wannan tsohuwar doka a kotu, saboda haka mai niyyar aikawa ya tambayi dillali halin da ake ciki a ranar da zai aika. Abin da aka saba dai shi ne Malam Wane ya ɗauki fistol ɗinsa ya kai wa dillalin garinsu, shi kuma ya shigar da ita a littafinsa, ya aika wa takwaransa na Ohayo.

Akwai ladubban ɗaurin kayan. Bindiga ba ta tafiya da harsashi a cikinta, kuma gidan waya ba ya ɗaukar harsasai sam. Ba a rubuta komai a bayan kwali da zai nuna abin da yake ciki, domin kada a yi wa ɓarawo ishara, har ma doka ta hana kamfanin jigila manna irin wannan alama. Idan kwalin ya isa, sai baligi ya sa hannu kafin a miƙa shi.

Mataki na ƙarshe yana kan mai saye. Zai je shagon da ƙafarsa, ya nuna katin shaida mai hoto, ya cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF, wadda take kula da harkar makamai. A cikin fom ɗin zai amsa tambayoyi: shin shi ne ainihin mai sayen, shin an taɓa yanke masa hukunci a kan babban laifi, shin yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, shin an taɓa kama shi da laifin cin zarafin iyali. Ƙarya a nan laifi ne mai zaman kansa. Daga nan dillali zai tura sunansa a tantance a rumbun bayanan hukumar FBI, tsarin da ya samo asali daga dokar Brady ta 1993, ya kuma fara aiki a 1998. Sau da yawa amsa takan zo cikin 'yan mintuna. Idan aka jinkirta, dokar tarayya ta ba hukuma kwana uku na aiki. Wanda bai kai shekara 21 ba, dillali ba zai miƙa masa ƙaramar bindiga ba. Wasu jihohin kuma suna da ƙarin sharuɗɗa, kamar Kalifoniya, inda sai mai saye ya jira kwana goma.

Idan kuwa mai saye da mai sayarwa 'yan jiha ɗaya ne, dokar tarayya ta sassauta, ba ta wajabta bi ta hannun dillali ba. A nan sai a dubi dokar jihar. Teksas ta bar mutane su yi cinikinsu tsakaninsu, Kalifoniya da New York kuwa sun wajabta tantancewa ko da tsakanin maƙwabta ne. Amma a ko'ina, laifi ne ka sayar wa mutumin da ka sani, ko kake da dalilin zaton, doka ta haramta masa riƙe makami.

Abin da ake kashewa

Babu farashi ɗaya da gwamnati ta yanka, kowane dillali da nasa. Galibi ladan dillali a kan shigar da bindiga ko miƙa ta yakan kama daga dala 25 zuwa 50, kuma a manyan birane da jihohi masu tsauri yakan haura haka. Ladan nan sau biyu ake biyansa, ɗaya a wurin tashi, ɗaya a wurin sauka. Kuɗin jigila ya danganta da hanyar da aka bi. Idan dillali ya aika ta gidan waya, abin yakan tsaya a 'yan gomomin daloli. Idan ta kamfani ne, inda aka saba wajabta wa ƙaramar bindiga jigilar jirgin sama ta kwana ɗaya, kuɗin yakan ninka. Sai kuma inshora da kuɗin sa hannun baligi.

Mu koma ga misalinmu. Idan Malam Wane ya sayar da fistol a kan dala 400, dillalinsa ya karɓi 30, jigila da inshora suka ci 30, dillalin Ohayo ya karɓi 40, to dala 100 ke nan, rubu'in kuɗin kayan. Shi ya sa masu hankali suke yanke tun kafin ciniki ya faɗa wa zai biya me, su kuma yanke abin da za a yi idan tantancewa ta ƙi mai saye, domin dawo da bindigar ma sai an sake biyan hanya. Shi ya sa kuma bindiga mai araha sau da yawa ba ta cancanci a aika da ita nesa ba.

A nan ne zuciya takan raya wa mutum ya bi gajeriyar hanya: ya cusa ta cikin kwalin takalmi, ya ce kayan gyaran mota ne. Wanda ya yi haka ya sayar da 'yancinsa a kan dala ɗari, domin miƙa bindiga ga mazaunin wata jiha ba ta hannun dillali ba laifi ne da yake iya kai mutum kurkuku har shekara biyar. Bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Uvalde a Teksas cikin Mayun 2022, inda yara 19 da malamai biyu suka rasa rayukansu, majalisa ta yi sabuwar doka a watan Yuni, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya saya wa haramtaccen mutum bindiga da sunansa, ko ya yi safararta.

Jan kunne ga namu

Abu biyu ne suka shafe mu kai tsaye. Na farko, ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan halaye da aka keɓe, kamar wanda yake da lasisin farauta. Saboda haka idan abokin zama ya ce maka, “Ɗan'uwa, ajiye mini wannan,” ko “Karɓar mini saƙo idan ya iso,” ka san abin da kake karɓa. Karatun shekara huɗu yana iya rushewa a yini ɗaya.

Na biyu, halin rashin tsaro a gida yakan sa wani ya yi tunanin aika wa ɗan'uwansa abin kare kai a cikin kaya. Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnati. A 2024 wata kotun tarayya a jihar Karolina ta Arewa ta sami wani manjo na sojan Amurka da laifi, bayan an ɓoye bindigogi a ƙarƙashin shinkafa da kayan gida cikin shuɗɗan durom, aka yi jigilarsu daga tashar ruwa ta Baltimore zuwa Tema a ƙasar Gana, inda jami'ai suka gano su. Kakinsa bai cece shi ba. A Najeriya kuma, dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ka ga ke nan mai aikawa ya jefa kansa, ya kuma jefa wanda yake son taimako.

Ciniki ba ya ƙarewa da karɓar kuɗi

Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a ruhin waɗannan ƙa'idoji ba. Malamanmu sun daɗe da rarrabe tsakanin halaccin kaya da halaccin sayar da su ga wani mutum ayyananne. Makami a kan kansa halal ne a saya a sayar, amma sun hana sayar da shi ga ɗan fashi, ko a lokacin fitina ga masu yaƙar juna, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Malikiyya sun gina wannan a kan ƙa'idar toshe kafar ɓarna. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya umurci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani rauni. Idan an kula da yadda ake ratsa kasuwa da kibiya, ina ga makamin da zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a cikin kwali, zuwa hannun da mai shi bai taɓa gani ba?

Wannan tsari na Amurka bai hana zubar da jini a ƙasar ba, kuma su kansu suna ta jayayya a kan gibin da ya rage a cinikin cikin jiha. Amma tambayar da yake tilasta wa mai sayarwa ya yi tambaya ce ta gaskiya: hannun wa wannan abu zai faɗa? Dala ɗarin nan da ake ƙorafi a kanta, mafi yawanta ladan amsa wannan tambaya ce. Shagunan da suka aika wa Oswald kayansa sun karɓi kuɗinsu cif, kuma a wancan lokaci ba su karya doka ba, amma har yau ana ambaton sunayensu tare da abin da aka aikata.

Wanda yake zaune a ƙasar mutane da izininsu ya ɗauki alƙawarin bin dokarsu a abin da ba saɓon Allah ba, kuma cika alƙawari wajibi ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga fitina, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wallahu a'alam.